Maɓalli Bakwai

Asubar Sheffield, ruwa na ƙwanƙwasa taga,
na ce, Nazifi, yau kai za ka ɓalla rigarka.
Ya dube ni kamar na aike shi ɗebo ruwa da kwando.
Maɓalli bakwai ne.
Na farko ya faɗa gidan na biyu,
rigar ta karkace kamar bakin mai jin haushi.
Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Na zauna a kansa.

Ni ce fa mai ɓalla wa Mista Pickering tasa,
kullum ƙarfe takwas, a gidan tsofaffi.
Mutumin da ya shekara arba'in yana narka ƙarfe,
yau cokali ya gagari yatsunsa.
In na gama, sai ya juya fuska wajen labule,
ba ya so in ga idonsa.
A wurinsa na gane:
wanda ake yi wa komai,
kullum ana ɗauke masa wani abu.

A garinmu yaro ba ya rasa hannu.
Uwa ta fita, ga goggo, ga iya,
ga maƙwabciya na leƙowa ta katanga.
Nan ƙofa in ta rufu ta rufu,
daga ni sai shi sai agogon bango,
ga aikin dare sau uku a mako.

To, muka fara da ƙwai.
Ya fasa, rabi a kwano, rabi a silifas ɗina.
Burodi ya ƙone, ƙararrawar hayaƙi ta tashi unguwa,
muka yi ta kora da tsumma muna tari.
Ranar injin wanki, safa ja guda ɗaya
ta shige cikin fararen kayan aikina.
Sati biyu ina yawo kamar furen kanti,
tsofaffi na cewa launin ya karɓe ni.
Ban yi faɗa ba.
To, na yi, amma kaɗan.

Lambar wayata ya haddace ta kamar ƙaramar sura,
da lambar gida, da sunan layi.
Fam biyu a tafinsa, je ka sayo madara,
ƙirga canji kafin ka juya baya,
ka ce an gode ko da mai kanti bai ɗago ba.
Makulli na rataya masa a wuya da igiyar takalmi,
ya yi masa nauyi kwana biyu,
daga nan ya daina jin sa.

Sai ranar bas.
Na ce, yau kai kaɗai, Allah ya tsare.
Ya tafi, jaka ta fi bayansa faɗi.
Ban kai ga rufe ƙofa ba na zari kwat,
na bi shi ina raɓewa da motoci kamar ɓarauniya,
na haye bene, na ja hula har hanci.
Ta madubin matakala nake kallon ƙeyarsa.
Ya danna ƙararrawa daidai tasharsa,
ya gode wa direba,
ya tsaya har ɗan koren mutum ya haska, sannan ya tsallaka.
Bai waiwaya ba.
Ni ce na wuce tashata har uku.

Da yamma na tarar ya dafa shayi,
sukari ya yi yawa, na shanye tas.
Ya ce, Umma, na gan ki ɗazu.
Kin yi sauri, maɓallinki ya shiga gidan wani.
Ya taka kujera,
ya ɓalle, ya gyara, ɗaya bayan ɗaya,
harshe a waje don tsabar kula.

Na juya fuska wajen labule.